Dariyar da Muka Yi a Zauren Jami'a

Abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi Bafalasɗiniya ce. Ita ta gayyace ni kallon wani fim da ɗalibai za su nuna a jami'ar da ke East Greensboro, a kan yadda mutanen ƙasarsu ke kai-komo tsakanin shingayen sojoji. Na ja maigidana muka tafi wata Asabar bayan la'asar.

Babu harbe-harbe a fim ɗin, jira ne zalla. Ma'aikata a cushe cikin wani siririn lungu na ƙarfe, ana sakin su ɗaya-ɗaya ta wata ƙofa mai juyawa. Wata tsohuwa ta ɗaga takardar asibiti, sojan da bai wuce sa'an jikanta ba ya nuna mata hanyar komawa.

Da aka kunna fitilu aka ce mai magana ya yi, sai maigidana ya miƙe. Mutum ne mai barkwanci. Ya ce ai mu ma mun san shinge, a hanyar Kaduna zuwa Kano in ka ba mai kaki na goro har addu'a zai yi maka. Ya kwaikwayi muryarsu da yadda suke leƙo kai cikin mota. Mutane suka kwashe da dariya. Ni na fi kowa, har da buga cinya.

Ina juyowa na ga abokiyata ta ƙura wa farin allon ido.

A wurin ajiye motoci na ce, "'Yar'uwa, lafiya?"

Ta ce, "Na san ƙofar nan. Ta nan mahaifiyata ke bi zuwa wankin ƙoda. Wata rana a bar ta ta wuce, wata rana a mayar da ita. Tun rasuwarta ban sake ganin wurin ba sai yau."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce Allah ya jiƙanta, ta ce amin. Ta rungume ni, ta ce in gode wa mijina da ya zo.

A hanyarmu ta komawa gida McLeansville na faɗa masa. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Kuma kika bar ni ina ta zuba?"

"Alhaji, ai ni ma dariya nake yi."

Washegari ya ce in raka shi gidan abokiyar tawa. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa duk da an nuna masa kujera, ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Mijinta ya dafa mana shayi da na'a-na'a. Ni dai har muka fito ban iya haɗa ido da ita ba.