Tulu Mai Singileti a Bahon Wanka

Wendell Kowalke ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar share ƙanƙara a titunan birnin Duluth, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abin da aka fi saninsa da shi giyar da yake dafawa a gida ce. Masu kara sukan ce tana da hali. Yis ɗin da yake haɗa ta da shi, wato abin da ke sa ta tsima, gado ne daga kakansa: a ɗebo abin da ya kwanta a gindin wannan tulu a zuba a na gaba, kamar ɗibar wuta daga murhu zuwa murhu. Shekara tamanin bai mutu ba. Abu ɗaya kawai yake nema, sanyi, irin na ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Da gwiwoyin matarsa Marlys suka daina shiri da matakala, sai suka sayar da gida suka koma gidan tsofaffi, ciki da falo. Falon kuwa, in ka yi miƙa sai ka nemi gafarar bango. Wendell ya rabar da tukwane biyar, ya tsira da ɗaya, da tulun gilashi mai faɗin ciki.

A wannan gida ofis ne ke da ikon sarrafa ɗumin ɗakuna. Suna ƙure shi, don kada wani tsoho ya yi tari a tambaye su. Taga kuma ba ta buɗuwa fiye da yatsa huɗu. Kwana uku da zuwansu tulun ya fara kumfa yana warin ruɓaɓɓiyar ayaba. Wendell ya sunkuya ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba. Ya san in aka ƙara mako ɗaya a haka, abin kakansa a hannunsa zai ƙare.

Ya gwada ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bututun ruwan zafi na nan. Ya leƙa firij.

"Ka taɓa min kwanon dankalin nan ka gani," in ji Marlys, ba ta ko juyo ba.

Sai ya koma ga dabarar masu dafawa a bazara. Ya tara ruwa a bahon wanka, ya zaunar da tulun a ciki, ya saka masa singiletinsa don ta riƙa jan ruwa, ya kunna masa fanka. Haske ma na ɓata giya, saboda haka ya kifa masa tsohuwar hular aikinsa a ka. Kafin yamma warin ya lafa. Tulun ya koma gyatsarsa ta lafiya, ɓul, sai can kuma ɓul.

"Ni fa a ina zan yi wanka, tsoho?"

"Mako uku ne kawai, Marlys."

"Shekara arba'in da shida ban ga ka kunna min fanka ba."

Ranar Talata maƙwabciyarsu Misis Halvorsen, wadda ba ta yarda tana buƙatar tabarau ba, ta shigo aron farantin gashi. Ƙofar banɗaki a buɗe take kaɗan. Ta hango wani gajere mai tumbi zaune a ruwa, da singileti da hula.

"Wayyo, a gafarce ni, bawan Allah!"

"Ɓul," in ji shi.

Ba ta tsaya karɓar farantin ba. Dokar gidan mutum biyu ne a ɗaki, kuma ita mace ce mai son doka.

Da hantsi washegari manajar gidan, Mis Lindqvist, ta zo da takarda a hannu. Ta tsaya a ƙofar banɗakin tana kallo.

"Mista Kowalke, wannan kwalba ce."

"Tulu ne."

"An riga an shigar da ƙara, dole in cike gurbi. Uku ne: mutum, dabba, ko kaya. In kaya ne, ba a ajiye kaya a baho, yau za a sauke shi ɗakin ajiya."

Ɗakin ajiya yana manne da tukunyar ɗumama gidan duka. Wendell ya kalli hular.

"Ba kaya ba ne," ya ce a hankali. "Yana da rai."

"Yana ci?"

"Sukari."

"Yana numfashi?"

Tulun ya amsa da kansa.

"Rubuta mutum, 'yar nan," in ji Marlys daga falo. "Ni sai in koma ɗakin ajiyar, ai na fi shi jure zafi."

Mis Lindqvist ta ciji biro, ta sa alama a gurbin dabba. Ta tambayi shekarunsa, aka ce tamanin. Ta tambaya ko yana cizo.

"Sai an sha uku," in ji Marlys.

"An yi masa dandaƙa?"

Wendell ya ce a'a, hayayyafar ita ce aikinsa. Ta rubuta wani abu mai tsawo. Daga nan ta juya takardar, ta karanta bayanta sau biyu, ta yi ajiyar zuciya. Ashe akwai sharaɗin da ya ce duk ɗakin da ke da dabbar da zafi ke cutarwa, ofis zai rage masa ɗumi. Mutane ba su da irin wannan sharaɗin. Marlys ta sa an duba.

Ranar Juma'a mai gyara ya zo ya murɗa wani ƙarfe a bayan bango. Tulun ya fito daga baho ya koma gefen kujerar Wendell, Marlys ta samu bahonta a ɗakin da numfashi ke yin hayaƙi don sanyi. Rigar sanyi biyu take sawa yanzu, da safar hannu in za ta yi saƙa. Kowane wata takardar labaran gidan tana fitowa da sunayen dabbobi: kyanwa tara, aku ɗaya, sai "na Kowalke, ɗaki na 12, kada a ba shi abinci". Wendell ya ɗebi na gindin tulu ya zuba a sabon haɗi sau huɗu ke nan tun lokacin. Misis Halvorsen takan tambayi lafiyar baƙon in sun haɗu a lif na hawa bene, shi kuma yakan ce da sauƙi.