Ranar da Jan Launi Ya Cinye Kawu

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai kwashe ranar da na mayar da kawuna jajir a kan idonsa.

Lokacin an karya darajar kuɗin sefa, komai ya yi tsada a Libreville, ga hukuma ta matsa wa baƙi a kan katin zama. Ni a nan aka haife ni, sana'ata zana allunan masu aski a unguwar Awendjé. Shi kuwa kawu, ƙanen mahaifiyata, direban taksi ne daga Nijar, ya ga gara ya koma gida da ƙafarsa kafin a tisa ƙeyarsa. Sai da ya sayar da motar ya tuna ba shi da ko hoto da ita.

Ya ce, "Ɗana, zana ni da ita mana, mutanen gida su san ba zaman banza na yi ba."

Fenti ya fi ƙarfina a lokacin, don haka na zana da fensir, na bi da tawada. Muka nufi wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar Alibandeng, wurin wata madam mai kwamfuta da sikana, wato na'urar da ke ɗaukar abin da ke takarda ta sa a kwamfuta. Da zanen ya fito a fuskar kwamfuta, sai ga layukana sun koma toka-toka, sun kakkarye, ga dattin fensir ko'ina. Ban damu ba, ƙuruciya na ɗibata. Na zaɓi ja, na danna a ƙofar motar. Kafin in ƙifta ido jan ya samu wata 'yar kafa ya malale, ya cinye rigar kawu da fuskarsa har hula.

Kawu ya leƙo ya ce, "Subhanallahi! Ni ne wannan ko tattasai?"

Madam ta yi dariya har da hawaye. Ni kam gumi nake, don jirgin ruwan da zai kwashe shi da sauran masu komawa gida ya kusa tashi, kuma ban san ko zan sake ganinsa ba.

Ita ma ba ta daɗe da sayen na'urar ba, sai muka shiga lalube tare. Na goge fensirin tas, na bi kowane layi da alƙalami ina rufe kafofin. Ita kuma ta cire na'urar daga toka-toka ta mayar da ita baƙi da fari zalla, ta ƙara mata ƙarfin gani. Muka bar na farkon a kwamfuta, muka sake ɗauka. Layuka suka fito baƙi wuluk, kamar an ja su da waya. Na danna ja, ya tsaya cak a jikin mota.

Kawu ya daɗe yana kallo, ya shafa gemu ya ce, "Wallahi ita ce. Har lotsewar gabanta." Sannan ya juya, "Madam, buga min duka biyun. Mai tattasan na yara ne."

A bakin teku kowa hawaye yake, shi kuwa yana nuna wa abokan tafiya jar fuskarsa ana ta ƙyaƙyatawa.

Tun daga ranar ban sake zuba launi ba sai na tabbata layi ya haɗu, don gaggawa ba ta toshe kafa. Na kuma gane cewa in rabuwa ta zama dole, babu guzurin da ya kai dariya.