Ɗalibin Ƙarshe na Verna Haugland

An haifi Verna Haugland a wata gonar alkama da ke arewa da ƙauyenmu, Alsvik, can inda hanya take miƙewa samɓal har ido ya gaji. Yayyenta maza biyu tun da suka tafi soja suka ga birni ba su ƙara waiwayar noma ba. Da mahaifinsu ya rasu, ita ta zauna tana jinyar tsohuwa, har ƙuruciya ta wuce ba ta ankara ba. Akwai wani malamin makaranta da ya ɗan yi zarya gidansu, amma ya gaji da jira, ya karɓi aiki a wata jihar. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ni kuma ban tambaya ba, duk da cewa tun muna 'yan firamare muke tare.

A ofishin gona na gunduma take aiki. A wancan zamani kowane ƙauye yana da ƙungiyar yara, inda suke koyon kiwo da ɗinki da girki da gyaran inji, da yadda mutum zai tsaya gaban jama'a ya yi magana gwiwarsa ba ta kaɗawa. Manya ne ke jagorantar ƙungiyoyin nan, aikin sa kai, ba a biyan kowa. Verna ce mai horar da su. Ita ba ta koyar da yara. Iyayensu da kawunnansu take koya wa yadda ake zama da yara.

Gundumarmu kuwa faɗi ne da ita. Ko ana zafi ko ƙanƙara ta binne shinge, Verna tana kan hanya a tsohuwar motarta, butar kofi a gefe. Yawancin abincinta na rana a cikin motar nan ta ci shi, a gindin rumbun hatsin wani ƙauye, tana sauraron farashin alkama a rediyo. In ta horar da mutum ya goge, shi ke nan, ya daina nemanta, ita kuma ta matsa gaba. Takan ce haka ake so.

Sai ƙauyukan suka fara zubewa. Ba gobara aka yi ba, ba annoba ba. Mutum ɗaya da manyan injuna ya koma yana nome abin da dā gidaje da yawa ke ci a ciki. Aka rufe makarantarmu, aka rufe banki, shagon aski ya koma ɗakin ajiyar taya. Ƙungiyoyin yara suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta Alsvik ta daure, don matar fasto ce ke riƙe da ita, har kakar da aka yi wa mijinta sauyin wurin aiki suka tattara suka tafi. Yaran da suka rage ba su cika hannu biyu ba, kuma ƙa'ida ce, ƙungiyar da ba ta da jagora a rufe ta.

Verna ta sa aka yi sanarwa a coci cewa ranar Lahadi bayan cin abinci za a yi horon sababbin jagorori a ɗakin ƙasa. Ni ke riƙe da makullin cocin, don haka na dafa kofi cike da babbar buta, na yi kek. Muka jera kujeru layi-layi, muka zauna. Iska tana ta kaɗa tagogi. Kofi ya huce, na sake ɗumama shi.

"Ke fa, Marlys?" in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Na ce, "Haba ƙawata, ai na yi nawa. Gwiwoyin nan sun gama aiki, ga maigidan a kwance. Wa zan bar wa shi?"

Ta ce, "Na sani. Tambaya ce kawai, don kada a ce ban tambayi kowa ba."

Har mun fara naɗe kujeru sai muka ji takun manyan takalma a kan matakala. Orrin Bakke ne, tuzurun da ke kiwon tumaki a bakin tafki, mutumin da sai ka yi shekara ba ka ji ya haɗa jimla biyu ba. Ya cire hula, ya zuba kofi, ya yanki kek ya cinye, ya ƙara. Sannan ya dubi kujerun ya ce, "Sauran ba su iso ba?"

Verna ta ce, "Kai ne sauran."

Ashe shi taron makiyaya ya zo, wanda za a yi a kan dilolin da ke kashe musu 'yan tumaki, kuma wannan sai mako mai zuwa. Da ya gane, kunnuwansa suka yi ja. Ya miƙe zai tafi.

Na ce, "A'a, Malam Orrin, ka ci mana kek yanka biyu ka fice? Zauna, ai ka riga ka karɓi goron gayyata."

Kunya ce ta zaunar da shi a ranar. Abin da ya dawo da shi Lahadin da ta biyo baya kuwa, sai daga baya ya faɗa. Tun da mahaifiyarsa ta rasu, ya ce, in ya shiga gida ba abin da yake ji sai ƙarar firiji. Verna ta gyaɗa kai, don ita ma ta san ƙarar.

Haka suka kwashe lokacin sanyin nan, malama ɗaya, ɗalibi ɗaya, ni kuma mai kofi. Abu na farko da ya gaya mata shi ne yana tsoron yara.

Ta ce, "Madalla. Wanda ba ya tsoronsu shi nake tsoro. Me kake yi in sabuwar tunkiya ta ƙi matsowa?"

"Nakan zauna in ƙyale ta."

"To ka gama rabin karatun."

Sauran rabin ne ya ba shi wuya. Verna ba ta yarda jagora ya yi wa yaro aikinsa. Yara ne ke buɗe taro, su zaɓi shugabansu, su yi gardama, su yi kuskure. Babba nasa ido ne, da tambaya guda in an cije. Ta koya masa yadda ake gane yaron da ya zo da yunwa, da wanda aka yi faɗa a gidansu, da dalilin da ya sa ba a taɓa keɓewa da yaro ɗaya sai da wani babban a kusa. Ta sa shi ya riƙa tsayawa gaban kujerun da ba kowa yana gaishe su. Ni kuma aka ba ni aikin fitinanniyar yarinya. In yana magana in yi ta buga ƙafa, in jefe shi da ɓawon lemo, in ce, "Baba Orrin, me ya sa kake warin tumaki?"

Ran farko ya daskare kamar an dasa shi. A karo na gaba ya dube ni ya ce, "Don su ba sa yi mini tambayar banza." Verna ta yi dariya har da share hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar tata, tun tsohuwarta na da rai.

Babbar matsalarsa hannuwansa. Mutum ne da ya saba in ya ga abu a karkace ya miƙe shi. Verna ta ɗaura igiya ba daidai ba da gangan, kafin ta ɗago ya warware ya gyara.

"Orrin, ina hannuwanka?"

"Ga su."

"Aljihu. In ka ji suna ƙaiƙayi, aljihu."

Da ƙanƙara ta narke, aka sa ranar taronsa na farko da yaran, a rumfar tumakinsa. Verna ta ɗauke ni muka je tare, amma da muka isa ta tsaya a bakin shinge ta kashe mota. Na ce mu shiga mana. Ta ce ni in shiga, ita ba ta shiga taron farko na kowane jagora, don in tana wurin ita zai riƙa kallo, yaran ma su bi idonsa. Ta zaro burodinta daga jaka ta ɗora a cinya.

A ciki, wata yarinya mai suna Britta, wadda yaran suka zaɓa shugaba, tana fama da ɗan ragon da za ta kai baje kolin gunduma. Ta ja igiya, ya turje. Ta ƙara ja, ya zube a ƙasa kamar buhu. Sauran suka fashe da dariya, idanunta suka ciko. Na ga hannuwan Orrin sun taso, sun tsaya a iska, sannan a hankali suka koma aljihu. Ya tsuguna ya ce, "'Yata, in ke ce aka ɗaura wa igiya a wuya ana ja, ina za ki?"

Ta dubi ragon tana huci. Can ta ce, "Baya."

Yarinyar ta sassauta igiyar, ta koma gefen ragon, ta dafa bayansa. Ragon ya miƙe, ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya sake yi. Yaran suka bi su zuwa ƙofa da ihu.

Da na fito na tarar da Verna yadda na bar ta, burodin ko gutsura ba ta yi ba. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce, "Aljihun fa?" Na ce ya sa. Ta tayar da mota, muka kama hanyar gida.

A wannan bazarar aka haɗe ofishin gonarmu da na gundumar maƙwabta. Aka ce daga yanzu ta kwamfuta za a riƙa horar da jagorori, kowa a ɗakinsa. Ba wanda ya kori Verna. An yi mata walima, an ba ta agogon bango, aka ce ta huta. Ta tsaya dai har baje koli. Muna zaune a kan benci muka ga Britta ta zagaya da ragonta a fili, ta zo ta biyu. Da aka ba ta ƙyallen yabo, ta ruga ta rungume Orrin, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya jawo ta har inda muke. Yarinyar ta gaishe ni da suna, ta dubi Verna ta ce, "Sannu, Iya. Ke kakar wa ce a cikinmu?"

Verna ta ce, "Ba ta kowa ba, 'yar nan. Kallo na zo. Ragonki ya iya tafiya."

Kafin sanyi ya dawo ta sayar da gidan gonar, don ba ta iya share ƙanƙarar ƙofa ita kaɗai. Ta koma birnin Fargo, ta kama ɗaki a wani bene na tsofaffi, kusa da 'yar yayanta da ke leƙo ta in ta sami sarari. Bara na je dubo ta. Ɗaki ne tsaf, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Ta ce maƙwabtan ba su da laifi, sai dai kowa da talabijin ɗinsa. Ta taɓa gwada haɗa su ƙungiyar shuka furanni, mutum biyu suka zo, ɗaya ta yi barci.

Muna shan kofi waya ta yi ƙara. Ta miƙe da saurin da ban zaci tana da shi ba. Orrin ne. Ina jin muryarsa sama-sama, wai an kawo masa wasu yara biyu, 'ya'yan ma'aikatan sabuwar gonar madara, ba sa jin Turanci sosai, yaya zai yi da su? Ta gyara tsayuwa, muryar aikinta ta dawo. Ta ce, "To kai me ka gani?" Ya yi ta bayani, tana cewa i, i, haka ne. Da ta ajiye wayar ta daɗe tana kallonta.

Ta ce, "Ya san amsar. Tun kafin ya kira ya riga ya haɗa su da Britta, ya ba su 'yar tunkiya su yi reno. Duk ranar taro sai ya nemo abin da zai tambaye ni."

Na ce, "Kin gaya masa kin gane?"

"Ke Marlys, kina da hankali kuwa?"

Ta so in kwana, amma na bar maigida da maƙwabciya, ga hanya da nisa. Ta naɗe mini sauran biskit a takarda, ta rako ni har bakin lif, ta ce in gaida Alsvik, duk wanda ya rage. Da na fito da mota na ɗaga kai, na hango ta a taga a hawa na uku. Na ɗaga mata hannu, amma rana tana dukan gilashin, ban sani ba ko ta gani.