Ƙaton da Tisha Bitrus Ya Hana Fitowa Daga Kogi

Duk wanda ya san Tisha Bitrus na Sabon Gari ya san ba ya kallon fim ɗin takobi sai da littafi a cinya da jan biro a bayan kunne. Irin finafinan nan nake nufi na Turawan da, masu hula da gashin jimina, waɗanda aka ciro daga tsofaffin littattafai. Mu muna kallo don nishaɗi, shi kuwa makin jarrabawa yake yi. Ana gamawa sai ya numfasa ya ce, "Uku bisa goma. Su zo da iyayensu."

Ni Shu'aibu, da na ajiye boko a aji huɗu domin na ga ilimin ya ishe ni, abu ɗaya na yi shekara talatin ina nema a wurinsa: ya buɗe baki ya ce fim ya fi littafi, ko da a wuri ɗaya ne.

Wata rana na ce, "Tisha, dubi yadda jarumin nan ya diro ta taga ya faɗa kan doki! Littafinka zai iya wannan?"

Ya tsayar da kaset, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi. "A nan ta matakala ya sauko, kamar ɗan mutunci. Kai ka taɓa hawa doki?"

"Na dai hau jaki."

"To je ka diro masa daga kan katanga. In ka sake haihuwa, ka zo mu yi magana."

Wata Asabar kuma ya ce riƙon takobin ma kuskure ne, kamar na mai saran rake. Ya ɗauko lemarsa ta zuwa coci, ni ya miƙa mini muciya. "Ƙafar dama gaba, hannun hagu a ƙugu, haka littafi ya ce." Ya kawo mini suka, ni kuwa na goce irin na fim. Lema ta wuce ta kife ƙwaryar kunun da matarsa, Maman Ladi, ta ajiye ya huce. Ta fito riƙe da haɓa.

"Baban Ladi, wane shafi ne ya ce a zubar mini da kunu?"

Ko a jikinsa. "Laifin Shu'aibu ne. A littafi ba ya kaucewa, tsayawa yake a soke shi."

Amma babbar rigimarmu a kan wani ƙato ce, abokin jarumi a wani fim, wanda ya tsaya shi kaɗai a kan gada ya tare mayaƙan sarki har 'yan'uwansa suka tsere. A littafi nan ya mutu. A fim kuwa kogi ya faɗa, can sai ga shi ya fito yana tari. Kai, ka ga tashin hankali wurin Tisha!

"Ƙarya! Mutumin da na binne tun ina kwalejin horon malamai?"

"Haba Tisha, bawan Allah ya rayu, kai me ya ci maka?"

"In bai mutu ba, me ya bayar? Sun mai da sadaukarwa wanka."

Da tsufa ya zo idanunsa suka tafi, sai na zama idonsa. 'Yarsa Ladi ta sa mana finafinan a waya, ni ina kallo ina ba shi labari.

"Yanzu yana lilo da igiyar fitila, Tisha."

"Babu igiya a littafi. Kai ne maƙaryacin ko su?"

"Su ne."

"To ku duka."

Don a zauna lafiya, duk sanda muka iso gada sai in kashe ƙaton da bakina, in rufe wayar. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe suna jin gyara."

Zuwana na ƙarshe da hantsi ne, an sallamo shi daga asibiti, yana kwance ya zama kamar kara. Shi ya ce a sa fim ɗin gadar. Muka iso wurin, na ce, "Shi ke nan, Tisha, ya tafi." Zan rufe waya ya kama mini wuyan hannu.

"Shu'aibu, tsohon banza. Makaho ne ni, ba kurma ba. Ina jin ruwa na motsi. Bar shi ya fito."

Na bar shi. Na ce ga kansa ya ɓullo, ga shi yana tari, ga abokansa sun jawo shi tudu suna kuka suna dariya. Tisha ya sake mini hannu.

"Marubucin ya fi su ilimi," in ji shi. "Amma a nan sun fi shi tausayi."

"Tisha! Fim ya fi littafi ke nan?"

"A nan kawai. Kuma in ka faɗa a waje, ban san ka ba."

To ga shi na faɗa, Tisha, tashi ka ƙaryata ni. Bai cika mako biyu a duniya ba bayan ranar nan.

Ya Allah, ga bawanka Bitrus nan ya zo. Kada ka bi masa littafinsa shafi-shafi. Ka yi masa tausayi, ka fito da shi tudu. Amin.