Yadda Nang Corsing Ta Rasa Gidan Burodinta

Consorcia Tabujara, wadda duk garinmu ke kira Nang Corsing, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana gasa burodi a bayan kasuwar kifi. Mijinta ne ya gina mata tandar bulo, shekara shida kafin teku ta tafi da shi da kwalekwalensa. Da wannan tanda ta raini 'yarta Nenita har ta zama malamar asibiti.

Ni na riƙe mata littattafan lissafi shekara goma sha ɗaya. A makarantar mishan, Fada ya koya mana cewa ba a goge kuskure, sai a ja masa layi ɗaya da jar tawada a sa hannu a gefe, kuma haka na yi aiki har idona ya gaji. Duk ranar Talatar ƙarshen wata nakan je in juye kwalin takalmin da take tara rasit a ciki, in shigar da komai, in biya mata haraji, in kawo mata takarda mai hatimi. Ladana feso ɗari takwas.

Ba ta taɓa miƙo kuɗin ba tare da mita ba. "Nong Meong, ɗari takwas fa! Alƙalamin nan naka na zinariya ne?"

"Na roba ne, Corsing. Idon ne ke da tsada."

Sai Diosdado Magbanua ya dawo daga birni da kwamfuta a jaka. Dadong, kamar yadda ake kiransa, shi ya riƙe Nenita ranar baftisma, don haka tana ce masa Pare, yana ce mata Mare, kamar yadda uwa da uban baftismar ɗanta ke kiran juna a wajenmu. Ya ce zai yi mata aikin a ɗari huɗu, har kuɗin harajin ma ta riƙa ba shi ya biya, ta huta.

"Ba korarka na yi ba, Nong," in ji ta. "Pare ne ya ce zai taimaka. In na ƙi, da wane ido zan dube shi a coci?"

"To, ki riƙa karɓar takardar biya duk wata."

Ta dafe ƙirji. "In tambayi Pare rasit? Ai ɓarawo na kira shi ke nan!"

Na miƙa wa Dadong littattafai huɗu, babu shafin da bai daidaita ba.

Bayan shekara shida, wata Alhamis da hantsi, ma'aikatan haraji biyu suka shigo shagon suka nemi littattafai. Ta roƙe ni in raka ta gidan Dadong. Muka same shi a tsugune yana shafa wa zakaran faɗansa mai. Ya shiga ɗaki ya daɗe, sannan ya fito da littattafan a cikin leda. Rubutuna na nan. Nasa ya tsaya a wata na bakwai da fara aikinsa, daga nan sai farar takarda.

"Haba Mare, kada ki tada hankalinki. Duk yana cikin kwamfuta."

"Ina kwamfutar, Pare?"

"Tana wajen gyara."

"Tun yaushe?" na tambaya.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Nong, kai ba ka yi ritaya ba?"

Bai biya ko sisi ba tun wancan wata na bakwai. Haraji da tara suka tashi feso dubu ɗari biyu da goma, a biya cikin kwana sittin ko a rufe shagon. Abin da ta rage a kan ladana cikin shekara shidan, dubu ashirin da takwas ne da ɗari takwas. Na lissafa, amma ban faɗa mata ba.

Hanya ɗaya na gani. Ta yi rantsuwa a rubuce cewa ta ba shi kuɗin ya cinye, ta kai ƙara, mu nemi a sassauta tarar a raba mata biyan. Na rubuta takardar da hannuna na kai mata. Ta karanta sau biyu, ta goge hannu a jikin zanen aikinta.

"Nong, Nenita tun tana rarrafe take ɗora hannunsa a goshinta neman albarka. Matarsa ce ta wanke gawar uwata. Ni zan kai shi wajen 'yan sanda?"

"Shagonki ne, Corsing."

"Na sani. Ni na share shi yau da safe."

Ta hana a gaya wa Nenita, wai tana da 'ya'ya uku a makaranta. A kwana na hamsin da biyu ta sayar wa wani dillalin fulawa da shagon, har da tandar. Bayan biyan haraji da bashin fulawa, abin da ya rage bai kai dubu goma sha biyar ba.

Yanzu shekararta sittin da bakwai. Sabon mai shagon ya bar ta a kan kanta, yana biyanta kullum-kullum, don mutane sun saba da fuskarta. Dadong na zuwa sayen burodi kowace safiya. Yakan ce, "Mare, na feso ashirin." Ta zuba masa, ta ƙara masa biyu, ta ciro kuɗin biyun daga aljihunta ta sa a akwatin mai shago.