Baban Tagwaye da Adakar Kaka

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne ya raba shagona da nasa. Ni tela ce, shi kuma kafinta, sai dai ba irin wanda ake kai wa karyayyen gado ba. In ka kai zai gyara maka, amma za ka sha ƙunƙuni. Aikinsa shi ne a kawo masa tsohon abu na katako, kujera ko akwati ko firam ɗin madubi mai sassaƙa, ya zauna ya ƙera wani irinsa sak. Shi ya sa duk layinmu ake ce masa Baban Tagwaye, alhali 'ya ɗaya tak Allah ya ba shi. Ni kuwa Mai Keke yake kirana, wai ƙarar keken ɗinkina ce ke hana shi gyangyaɗin rana.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Shagonsa dogon ɗaki ne mai taga ɗaya, teburin aiki a ƙarƙashin tagar, katakai jingine da bango, kowanne ya rubuta masa da alli shekarar da aka sare shi. Ba ya taɓa katakon da bai shekara biyar yana bushewa ba. Inji kuwa ko ɗaya babu. Zarto ne da gizago da ƙananan ƙarafan sassaƙa sun fi talatin, a jere cikin wani tsohon tsumma.

Tarihinsa a gutsure na ji shi, yau kaɗan gobe kaɗan, in ya shigo shan inuwa. Da ƙuruciyarsa bencin makaranta yake bugawa, kuma yana ji da kansa, don babu mai saurinsa a unguwar. Wata rana wani tsohon alƙali mai ritaya ya kawo kujerar kakansa, gara ta cinye hannunta ɗaya. Kwana biyu ya yi sabon hannu, ya buga ƙusoshi, ya shafe da fenti. Da tsohon ya dawo sai ya shafa hannun, ya shafa ɗayan, ya ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗana.” Ya juya ya tafi, bai ɗauki kujerar ba.

“Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi,” in ji Baba. “Da ya fita na kifa kujerar na duba. Wallahi Mai Keke, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta sai nawa. Katako ne ya shiga cikin katako ya riƙe ɗan'uwansa shekara ɗari. Sai na ji kamar na yi wa dattijo tsawa a gaban mutane.”

Ya ɓalle abin da ya yi, ya fara daga farko. Ganyen da aka sassaƙa a hannun kujerar yana da wani lanƙwaso da babu ƙarfensa da ke iya bi, sai ya je wurin abokinsa maƙeri, suka yi ta ƙerawa suna zubarwa har suka dace. Wata huɗu ya yi a kan hannun kujera ɗaya. Matarsa, wadda mu Gwaggo muke ce mata, ta faɗa min a lokacin ta ɗauka ya samu taɓuwa ne, don har a kan abinci yatsansa na zana ganye a tabarma. Ranar da alƙalin ya dawo, ya zauna, ya rufe ido, ya ɗora hannuwansa biyu. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, “Wai wanne ne ma ya lalace?” Tun daga ranar Baba bai sake buga benci ba.

Ba ya fara aiki sai ya yi kwanaki yana kallon abu kawai. Zai ce maka, “Wanda ya yi wannan bahago ne,” ko “Nan ya gaji, dubi yadda hannunsa ya yi sauri.” Duk abin da ya gama kuma sai ya ɗora ƙarfe a wuta ya ƙona shekarar a ƙasansa, don kada wani ya sayar da shi a matsayin tsoho. Akwai wani dillalin kayan ado da ya taɓa zuwa yana lallaɓarsa ya daina sa alamar, ya kuma riƙa turara katakon da hayaƙi don ya yi kama da na da. Ina ji ta bango Baba ya ce masa, “Ni kama nake yi, ba ƙarya ba. Ka gaida gida.”

Abin da ya sa nake wannan rubutu, a gidanmu ya faru.

Kakata ta wajen uwa ta rasu ta bar wata adaka, babban akwatin katako mai sassaƙar furanni a gaba, wanda mahaifinta ya ba ta. A ciki take ajiye zannuwanta da turarenta. 'Ya'yanta biyu ne, Mama da ƙanwarta da muke kira Inna Ƙarama. A gidanmu Kaka ta yi jinya ta cika, don haka adakar ta zauna a ɗakin Mama. Inna Ƙarama ta ce ai ita aka yi wa alkawarinta. Mama ta ce ba ta taɓa jin wannan magana ba. Daga nan zance ya yi tsami, aka tono abubuwan da ba su shafi adaka ba, har da wadda ta fi wata wahalar jinya. Shekara biyu ba su taka gidan juna ba. In sun haɗu a taro sai gaisuwar da ba ta wuce baki.

Wata rana Baba ya kawo min rigarsa in ɗinke aljihu, ya same ni na yi tagumi. Na ba shi labari.

“A kan akwati?” ya ce. “To ku kawo shi mana. Me nake yi a nan?”

Da ƙyar Mama ta yarda, kuma bisa sharaɗin ƙafarta ƙafar adakar. Haka ta biyo motar da ta ɗauko ta, ta zauna a shagon tana sa ido kamar an kai jariri allura. Baba ya zagaya adakar, ya ƙwanƙwasa, ya sunsuna, ya ce madaci ne mai kyau. Can ya tsaya a bakin murfin, yana shafa wasu ƙananan ramuka.

“Hajiya, wannan ba aikin gara ba ne, ba kuma na ƙarfe ba. Sawun haƙori ne.”

Mama ta leƙa, sai dariya ta ƙwace mata ba shiri. “Ƙanwata ce! Lokacin tana haƙori. Ni aka bar wa ita, na tafi wasa, na dawo na tarar tana gurgurar murfin. Ni na sha dukan.”

“To wannan ba zan yi shi a sabuwar ba,” in ji Baba. “Abin da masassaƙi ya yi shi nake kwaikwaya. Abin da mutanen gida suka yi, nasu ne.”

Sannan ya nuna tsakiyar gaban adakar, inda katakon ya fi haske, da ramukan ƙananan ƙusoshi guda shida. Ya ce akwai adon tagulla a nan da ya faɗi, yaya kamanninsa yake? Mama ta ce kamar tauraro, amma ba za ta rantse ba. Sannan ta ce a hankali, “Ita ce za ta sani. Ita ke goge shi da toka.”

“Sai a kira ta,” ya ce. “Ni ba na aiki da kila-wa-ƙala.”

Ni aka aika. Inna Ƙarama ta ce ba ta zuwa, amma bayan kwana biyu sai ga ta da lulluɓinta, ta tarar da Mama zaune. Suka gaisa a tsaitsaye. Baba ya miƙa mata fensir ɗinsa da guntun kwali, ya ce ta zana masa.

“Ai fure ne mai ganye shida,” in ji ta.

“Tauraro ne,” in ji Mama.

“Haba Yaya, wane irin tauraro? Ke yaushe kika taɓa goge shi?”

“Ni ina can ina wanke miki tsummoki, ina na ga lokaci?”

Haka suka yi ta musu a kan kwali, wannan ta karɓe fensir waccan ta ƙwace, har aka kira la'asar. Baba yana gefe yana wasa ƙarfensa a kan dutse kamar ba ya ji. Bayan sun tafi na ce masa, “Baba, inuwar furen fa tana nan a jikin katakon ƙarara, ni ma na gani. Me ya sa sai da aka kira ta?” Ya ce, “Idona ya fara tsufa, Mai Keke. Koma kan kekenki.”

Wata uku ya yi yana aikin. Ya sauko da wani madaci da ya ajiye tun kafin in kama shago. Ya yanka bakin allunan haƙori-haƙori yadda za su sarƙe da juna, ya shimfiɗa takarda a kan furannin tsohuwar ya goga gawayi har zanen ya fito, sannan ya bi su da ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Wani fure a gefen hagu ya ɗan karkace a tsohuwar, shi ma ya karkatar da nasa. Furen tagulla kuwa biyu ya sa maƙerin ya yi, don tsohuwar ma ta samu nata. Bai shafa fenti ba, kakin zuma ya yi ta murzawa da tsumma har katakon ya yi duhu yana sheƙi. A cikin watannin nan Mama da Inna Ƙarama sukan leƙo ganin inda aka kwana. Da farko kowa da ranarta. Daga baya na lura ranakun sun fara haɗuwa.

Ranar da ya gama ya jera tsohuwar da sabuwar a ƙarƙashin taga. Har lokacin ba a yanke wadda za ta ɗauki tsohuwar ba. Mama ce ta fara magana, ba ta kalli kowa ba.

“Ki ɗauki ta mahaifiyarmu. Haƙoranki ne a jiki.”

Inna Ƙarama ta durƙusa ta ɗaga murfin tsohuwar. Ƙamshin turaren Kaka ya taso ya cika shagon, har ni da ke bakin ƙofa na ji. Ta yi sauri ta rufe, ta kifa goshinta a kan murfin. Da ta ɗago ta ce, “Yaya, ba zan iya zama da wannan ƙamshin a ɗakina ba. Ashe haka kike fama shekara biyu? Bar ta a wurinki. In na yi kewarta zan zo in buɗe. Ba ni sabuwar.”

Mama ta kama hannunta suka yi ta kuka. Baba ya fita waje wai zai duba ko hadari ne ya taso, alhali rana ƙwal.

Inna Ƙarama tana zuwa ɗin kuwa. Kusan kowane mako sai ta zo, ba kullum take buɗe adakar ba, wani lokacin hira kawai suke yi har su manta da girki a wuta. Musunsu bai ƙare ba, kuma ba na jin zai ƙare, amma yanzu a ɗaki ɗaya suke yinsa.

Bara hannun Baba ya fara rawa, ƙarfe ya daina yi masa biyayya. Bai jira ya ɓata aikin kowa ba, ya rufe shagon, 'yarsa ta ɗauke su shi da Gwaggo zuwa gidanta. Yanzu mai sayar da kayan waya ne a wurin, mutumin kirki ne, amma har yau in na ji shiru ta bangon sai in ji wani iri.

Watan jiya muka je gaishe shi mu uku, ni da Mama da Inna Ƙarama. Mun same shi a tsakar gida zaune a tabarma, ga kujerun roba har huɗu babu kowa a kai. 'Yar tasa ta ce ta yi ta yi ya ƙi hawa.

“Abin da aka narka aka zuba kamar bokiti?” ya ce. “Ku dai ku zauna, ku yara ne.”

Mama da ta haura sittin ta yi dariya, ta janye kujerar gefe, ta zauna a ƙasa kusa da shi, Inna Ƙarama ma ta bi ta. Mun daɗe muna hira. Da za mu tafi Mama ta fara yi masa godiya, ya ɗaga hannu ya katse ta, ya ce shi katako kawai ya sassaƙa. Ba mu yi masa musu ba. Amma a hanya su biyun suka yi ta sa masa albarka har muka iso gida, ni kuma ina bayansu ina amsawa da amin.