Shekarun Jirgin Kawu

Akwai wata lakkwal, makarantar boko, kusa da gidana a Yamai. In iska ta taso da rana, igiyar tuta takan riƙa bugun dogon ƙarfenta, ƙal, ƙal, ƙal. Maƙwabtana ba sa ma jin ta. Ni kuwa duk sa'ad da ta shiga kunnena sai in ajiye abin da ke hannuna, don da irin wannan ƙarar na girma, a gidan kawuna, a wani ƙauye arewa da Filinge.

Na san za ka yi mamaki in na ce maka muna da jirgin ruwa a Kurfai, ƙasar gero da rairayi, inda ba gulbi ko ɗaya. To, muna da shi. Kawu ya daɗe yana aiki a bakin kogi a Yamai, wurin wani Nasara mai son wasa a kan ruwa. Da Nasaran zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa jirgin. Kawu ya kwance shi, ya ɗora a kan kamyon, babbar motar da ke kawo kaya ranar kasuwa, ya taho da shi gida. Jirgi ne ƙarami mai ciki biyu, kamar an jera siraran kwale-kwale guda biyu an haɗa su da ƙarafa, an shimfiɗa tamfol a tsakani. Jikinsa ba itace ba ne, ba ƙarfe ba, wani abu ne fari mai santsi kamar cikin ƙwai. Yana da dogon ƙarfe a tsaye, wanda ake ɗaga wani babban zane a kansa, mai ratsin ja da rawaya, iska ta tura shi. Mutanen gari suka sa masa suna Tagwaye.

Tun da aka yaye ni aka ba matar kawu riƙona, ita nake kira Inna. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, taubashina, ya ɗan girme ni kaɗan. Shi ke ja mini kitso, ni ke ɓoye masa takalmi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne. "Yaron ga" kawai take cewa, tana kawar da kai.

Daminar da aka kawo jirgin, tabkin da ke gabas da gari ya cika har ya taɓa gindin itatuwa. Samari suka ɗauki Tagwaye a kafaɗa suka kai shi baki. Har yau ina jin ƙanshin laka na wannan safiyar, da kukan kwaɗi, da balbelu suna tashi. Mata sun bar daka, makiyaya sun tsaya dogare da sandunansu, shanu na shan ruwa a gefe. Kawu ya zaunar da mu biyu a kan tamfol, ya ja igiya, zanen ya buɗe ya kumbura. Sai kawai na ga gari yana ja da baya. Ba wanda ke tura mu, ba jaki, ba inji, sai ruwa yana shi-i-i a ƙarƙashinmu. Na ƙanƙame rigar kawu ina ihu. Taubashina bai ji tsoro ba, idonsa na kan sandar da kawu ke juya jirgin da ita, yana ta miƙa hannu.

Kawu ya ce, "Hannunka bai yi ƙwari ba tukuna. Baɗi, in tabki ya cika, kai za ka riƙe."

Baɗi ta zo, tabki bai cika ba. Ta gaba ma haka. Shekarun nan ne gero ya riƙa bushewa tun bai kai gwiwa ba, shanu suka zube, maza suka tafi neman abinci kudu. Tagwaye ya zauna a gindin aduwa bayan gida, ƙarfensa a tsaye, igiya tana bugunsa dare da rana. A nan muke wasa. Taubashina ya hau ya kama sandar, ya jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga sama kamar yadda ya ga babansa na yi, ya ce mini in zauna da kyau, Yamai muka nufa. Duk ranar da aka ɗan yi yayyafi sai ya ruga tabki, ya dawo da laka iya idon sawu, ya ce saura kaɗan.

Da wata bazara sanƙarau ya shigo gari. Taubashina ya kwanta da ciwon kai, wuyansa ya sandare. Aka ɗora shi a amalanken jaki zuwa likita a Filinge, kawu yana tafe a ƙasa yana kare masa rana da rawaninsa. Gawarsa aka dawo da ita. Masu gaisuwa sun yi yawa, inuwa ba ta isa ba, sai kawu ya fito da zanen jirgin ya kafa rumfa da shi a ƙofar gida. Bayan an watse ma bai cire ba, ya bar shi rana tana ci har ratsin ya ɓace. Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta yi ta dama fura tana miƙa wa baƙi.

A daminar wannan shekarar aka yi ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Tabki ya cika ya shiga gonaki. Ba wanda ya iya buɗe baki ya yi wa kawu maganar jirgi. Wata safiya ya je gindin aduwa shi kaɗai ya kwantar da ƙarfen a ƙasa, ƙarar ta ɗauke daga gidanmu. Bai sake taɓa shi ba har ya bar duniya.

Na yi aure, na koma Yamai, na haifi nawa 'ya'yan. Babban ɗana ya tashi da son kogi, yana aikin gyaran jirage masu inji. Shekaru biyu da suka wuce ya raka ni gaida Inna, ya ga Tagwaye rabinsa cikin rairayi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin ragowar tamfol. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa jikinsa, ya ce yana da sauran rai. In Inna ta yarda zai kai shi kogi ya tayar da shi. Amma sai ya san shekarar da aka ƙera shi, don masu ƙera irinsa sun sha sauya ƙarafansa da girman zanensa, in ba a san shekara ba sai a nemo abin da ba zai shiga ba.

Ya ce suna buga lamba a gindin jirgin ta baya, ƙarshen lambar shi ne shekara. Muka tone rairayi. Wurin yana lulluɓe da kwalta, inda kawu ya taɓa liƙe wata tsaga. Ya kankare a hankali da wuƙa, haruffan farko suka fito, ƙarshen kuwa ya tafi tare da tsagar. Ya ce to launin zanen ma yana iya nunawa. Na ciro shi daga tsohon rumbu, muka ware, ya zama kamar toka. Na gaya masa ja da rawaya ne, ya duba wayarsa ya ce an yi masu ja da rawaya shekaru da yawa. Muka je wurin tsofaffin masallaci. Wani ya ce an kawo shi kafin babbar yunwa, wani ya ce bayan an gina rijiyar siminti. Duk sun san zuwansa, amma ba wanda ya san tsawon zamansa a Yamai kafin nan.

Ni ban so a tambayi Inna ba. Tun rasuwar taubashina ban taɓa jin ta ambaci jirgin ba. Amma idonta ne ya tafi, kunnenta ƙalau yake. Bayan la'asar tana zaune a tabarma tana ɓarar wake da lalube, sai ta kira ɗana, da wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Kai, mai gidan, mi kuka nema ga gindin aduwa tun safe?"

Ya durƙusa ya yi mata bayani. Sannan ta ce, "Arba'in da takwas, bana."

Ɗana ya dube ni. Na ce, "Inna, ai bai kai haka ba a garin nan."

"Ba zuwanshi nika faɗi ba," in ji ta. "Sabo hul anka kawo shi Yamai cikin akwati, kawunki ne ya ɓalle akwatin da hannunshi. Ina nan da tsohon ciki. Ranar suna bai zo ba, Nasara ya hana shi, wai sai sun gama haɗa jirgi. Da ya zo daga baya ya ɗauki yaron ga, sai ya ce mai, kai da jirgi sa'o'in juna ne." Ta ture ƙwaryar waken gefe. "Duk ruwan farko in ya sauka sai in ƙara ɗaya. Da yanzu ya fara furfura."

Daga nan ta kira sunansa. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai taɓa ruwa ta ji zafinsa. Ni da na tashi a ɗakinta, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Na sa gefen zanena na rufe fuska. Ita ce ma ta lalubo kafaɗata tana cewa in yi haƙuri.

Ɗana ya ce in ba ta so, jirgin ya zauna inda yake. Ta girgiza kai. "Ɗauke shi. Ba don rairayi anka yi shi ba."

Aka zo da mota aka ɗauka. Ya bar dogayen sawu biyu a gindin aduwa, ƙasar wurin ta fi ta kewaye duhu. Washegari da safe na iske Inna da tsintsiya, tana share wurin, tana kewaya sawun nan daidai kamar har yanzu akwai abin da za ta yi karo da shi. Matar da ke kula da ita ta ce kullum haka take share kewayen jirgin, tun kafin idonta ya tafi.

Lissafinta ya yi daidai, duk abin da ɗana ya nemo ya shiga. Tagwaye yana kan kogi yanzu da sabon zane fari. Ɗana ya sha roƙona in hau, ban iya ba tukuna. Can gida rairayi ya cinye rabin tabkin, sauran ana buga tubali a ciki, hanyar ma ba kullum ake bin ta da kwanciyar rai ba. Yaran garin ba su san an taɓa tafiya a kan ruwa a bayan gidajensu ba, tsofaffin masallacin kuma suna ta raguwa.

Inna ta rasu bara, bayan girbi. Ba ta ce in ɗauki lissafin ba, amma ba wanda ya rage sai ni. Da ruwan farko ya sauka a Yamai, ina tsaye ina kwashe shanya, na ƙara ɗaya. Bana hamsin.